Kwalba Ɗaya Ba Ta Shaida: Yadda Ake Auna Lafiyar Mahaɗar Kogi da Teku

A samu mutum biyu, a ba kowannensu kwalba da na'urar awo iri ɗaya, a tura su wuri guda a daidai inda wani kogi yake faɗawa teku. Na farko ya je da asuba lokacin da teku ya janye, na biyu ya je bayan azahar lokacin da ya ciko. Na asuba zai dawo ya ce ruwan kusan na daɗi ne, ya yi jawur da laka, iskar oksijin da ke cikinsa kuma ta yi ƙasa har kifi na tasowa sama yana haki. Na azahar zai ce ina, ruwan gishiri ne garai-garai, oksijin kuwa har ta fi ƙima. Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma ba wanda na'urarsa ta lalace. Halin wurin ke nan: cikin sa'o'i shida yakan sauya kamanni fiye da yadda wani tafki zai sauya a wata guda. Daga nan duk wahalar wannan fanni ta taso. Likita yana gane zazzaɓi ne don ya san zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. To yaya za a gane ciwon wanda tun asali zafin jikinsa hawa da sauka yake yi sau biyu a yini?

Wurin da ake magana shi ne mahaɗar kogi da teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri a sami zartsi. Wani masanin teku ɗan Amurka, Donald Pritchard, ya fayyace ta a 1967 da bayanin da har yau da shi ake farawa: ruwa ne na gaɓar teku wanda ƙasa ta kusa kewaye shi, yana da ƙofa zuwa teku, ruwan da ke gangarowa daga tudu kuma yana surka gishirinsa. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ta kogi ba ta kai rabin giram ba, mahaɗa kuwa tana yawo a tsakanin biyun. A nan 'ya'yan kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke girma kafin su fita teku, a nan tsuntsaye masu ƙaura suke yada zango, a nan kuma aka kafa Landan da New York da Shanghai da Lisbon da Banjul. Takin da manomi ya zuba a gona mai nisan kilomita dubu, da ruwan kwatar birni, da dattin masana'anta, duk nan ne masaukinsu na ƙarshe kafin teku.

Abu na farko da mai awo zai sani shi ne ruwan nan hawa biyu ne. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, don haka yakan bi ta sama ya nufi teku, shi kuwa na gishiri ya kutso ta ƙasa kamar harshe ya nufi tudu. Idan babu iska mai ƙarfi ko igiyar da za ta dama su, sai na ƙasa ya yanke hulɗa da sarari, abin da ke cikinsa na oksijin ya yi ta raguwa ba mai mayar masa. Wanda ya tsoma kwalba a sama kawai ya tafi, bai san abin da ƙasan ke ciki ba. Ga shi kuma cikowar teku ba daidai take kullum ba: tana da ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, tana raunana a tsakaninsu. Sai bambancin damina da rani, sai na shekarar ambaliya da ta fari. Akwai kuma tsawon lokacin da ruwa ke zama a cikin mahaɗa kafin ya fice. Wata tana wanke kanta cikin kwanaki, wata sai ta yi watanni. Datti ɗaya za a zuba wa biyun, ɗaya ta shanye, ɗaya ta kwanta ciwo.

Oksijin ita ce numfashin ruwa, kuma ita ce ma'aunin da aka fi dogara da shi. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a lita. Idan ya yi ɗumi ko ya yi gishiri sai abin ya ragu, har ruwan teku mai digiri 30 ya tsaya wajen 6. Da zarar ta sauka ƙasa da miligiram 2, kifi da ƙaguwa masu iya gudu sun gudu, masu zama a laka kuwa sai mutuwa. Abin da ya fi jawo wannan faɗuwa shi ne ƙoshi fiye da kima. Naitirojin da fosfaras na takin zamani da najasa suna ciyar da gansakukar ruwa, wato ƙananan tsirran da ido ba ya ganin ɗaya sai taronsu, ta yi ta hayayyafa har ruwan ya koma kore ko ja. Da rana tana fitar da oksijin, shi ya sa mai awon azahar ya ga ta yi yawa. Da dare ita da sauran halittu suna zuƙewa, shi ya sa na asuba ya tarar da ƙamfa. In ta mutu sai ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, su ƙarasa cinye ɗan abin da ya rage a ƙasa. Daga nan laka ta yi baƙi ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa sau da yawa yana can gonakin da ba su taɓa ganin teku ba.

Mashigin Chesapeake na gabashin Amurka shi ne makarantar da duniya ta koyi wannan darasi a cikinta. Ruwansa na gangarowa daga ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 166,000, a jihohi shida da birnin Washington, kuma Kogin Susquehanna kaɗai ke kawo kusan rabin ruwan daɗinsa. Kowace bazara zurfafan wurarensa kan rasa oksijin. An ƙulla yarjejeniyar ceto shi a 1983, aka fara zagayen awo na dindindin a 1984, a tashoshi ɗaya, da hanya ɗaya, sama da ƙasa, shekara da shekaru. Wannan jerin awo ne ya ba hukumar kare muhalli ta ƙasar ƙafar da ta tsaya a kai a 2010 ta yanka wa kowace jiha iyakar naitirojin da fosfaras da lakar da za ta bari su shiga ruwa. Shi ne kuma ya nuna wani abu mai sa gwiwa sanyi: kaso mai yawa na naitirojin ta cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa yake bi, yakan yi shekaru, wani lokaci gommai, kafin ya ɓullo a rafi. Takin da aka daina zubawa bana, mahaɗa ba za ta ji sauƙinsa ba sai an jima. Wanda bai san haka ba zai duba bayan shekara uku ya ce aikin banza aka yi.

Kayan awon kansu ba duka ne masu tsada ba. A 1865 wani limamin coci kuma masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya gwada zura farin faifai cikin Bahar Rum da igiya don ya ga zurfin da zai ɓace wa ido. Har yau da irin wannan faifai ake auna hasken ruwa, kuma sauƙinsa ne ya sa ake iya kwatanta awon yau da na kakanni. Hanyar auna oksijin da sinadarai wadda Lajos Winkler ɗan Hangari ya fito da ita a 1888, ita ake gwada ingancin na'urorin zamani da ita. Abin da zamani ya ƙara shi ne na'urar da ake dasawa a ruwa ta kwana tana rubutu. A keɓaɓɓun mahaɗun bincike na Amurka, tsarin da aka fara a 1995 yana ɗaukar zafi da gishiri da oksijin da duhun ruwa kowane minti 15. Da wannan ne ake kama faɗuwar asuba, wadda ma'aikacin da ke zuwa da hantsi sau ɗaya a wata ba zai taɓa gani ba. Sai dai na'ura a ruwan zartsi tana bukatar hidima. Cikin 'yan makonni gansakuka da ƙananan halittu kan manne a bakinta, ta ci gaba da ba da lambobi masu kyan gani waɗanda ba gaskiya ba ne.

Ko lambar gaskiya ma tana iya ruɗar mai karatu. A 1986 aka fara ganin wata 'yar ƙaramar kawa (halittar ruwa mai ɓawo) ta gabashin Asiya a mashigin San Francisco, ana kyautata zaton ta zo ne cikin ruwan da jirage ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Cikin shekara biyu ta shimfiɗe ƙasan arewacin mashigin, tana tace ruwa tana cinye gansakuka. Koren ruwa ya ragu ƙwarai. Wanda ya duba wannan ma'auni shi kaɗai zai yi murna ya ce an rabu da ƙoshi, alhali abincin ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kansu ne ya ƙare. An gane haka ne don hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana auna wannan ruwa tun 1969, ana da shekarun kafin zuwan baƙuwar da za a kwatanta da na bayansa.

Saboda irin wannan ne masana suka koma ga shaidun da ba sa barin gida, wato halittun da ke zaune cikin laka: tsutsotsi, kawa, katantanwa, ƙananan ƙaguwa. Ruwa yana wucewa, su suna nan. In oksijin ta yanke dare uku a watan jiya, kwalbar yau ba za ta faɗa ba, amma laka za ta faɗa, domin masu rauni sun mutu. Tom Pearson da Rutger Rosenberg sun tsara wannan a 1978: kusa da bakin bututun najasa babu kowa, gaba kaɗan sai dubban 'yan tsutsotsi iri ɗaya ko biyu masu jure ƙazanta, can nesa sai ire-irensu su yawaita, a sami manya masu tsawon rai masu haƙa rami suna shigar da iska cikin laka. A 2000 Ángel Borja da abokan aikinsa a yankin Basque na Sifaniya suka mai da wannan tsari ya zama lissafi mai suna AMBI, inda aka kasa halittun gida biyar, daga mafi rauni zuwa mafi juriya, a duba wane gida ya rinjaya. Aiki ne mai cin rai, domin sai an ɗebo laka an tace ta a rariya, a zauna gaban madubin ƙara girma ana tantance kowace tsutsa da sunanta, kuma masu wannan ƙwarewa ba su da yawa.

A nan ne kuma babban kulli yake, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Tun 1934 Adolf Remane ɗan Jamus ya nuna, daga bincikensa a Tekun Baltik, cewa ire-iren halittu sun fi ƙaranci a inda gishiri yake tsakanin giram 5 zuwa 8 a lita. Wurin ya yi wa na kogi gishiri, ya yi wa na teku salam. Waɗanda suka iya zama kaɗan ne, masu taurin rai, masu saurin haihuwa, kuma sukan yi yawa tunda ba abokin takara. To ai wannan ita ce siffar wurin da ƙazanta ta lalata. Ke nan mahaɗa mai cikakkiyar lafiya tana iya faɗuwa jarrabawar da aka tsara don gaɓar teku, ba don wani ya zuba mata komai ba. Mike Elliott da Victor Quintino sun yi wa wannan ruɗani suna a 2007, suka ja hankali cewa wahalar da Allah Ya halicci wurin da ita tana kama da wadda ɗan'adam ke jawowa. Abin yana yanka ta gefe biyu: a zargi wanda bai yi laifi ba, ko kuma mai laifi ya fake ya ce dama haka wurin yake. Mafitar da ake bi ita ce a raba mahaɗa yanki-yanki bisa gishiri da irin laka, a kwatanta kowane yanki da takwaransa, sannan a duba aikin da wurin ke yi ba ƙidayar mazaunansa kaɗai ba: shin 'ya'yan kifi na girma, shin laka na sarrafa naitirojin, shin wurin na farfaɗowa bayan ambaliya.

Ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa ita ma shaida ce mai kyau, don tana bukatar haske ya kai ƙasa, kuma ana iya ganinta daga jirgin sama. A Chesapeake an ƙirga kimanin eka 38,000 a 1984, ta haura eka 100,000 a 2018, sannan bayan ruwan sama mai yawa da ya kwararo da laka ta faɗo ƙasa da 70,000 a 2019. Wanda ya ɗauki shekara ɗaya cikin waɗannan zai iya kafa hujjar duk abin da yake so. A tafkin gaɓar Indian River na Florida kuwa, gansakuka ta rufe haske tun daga 2011, ciyawa ta yi ta mutuwa, masu awo suna faɗa. Sai a 2021 da aka ƙirga gawar ayu sama da 1,000 a jihar, da yawansu yunwa ce ta kashe su, sannan duniya ta waiwayo.

Guba kuma hanyarta daban. Zaiba da darma da magungunan ƙwari sukan maƙale a laka, a ruwa kuwa ƙanƙantarsu kan fi ƙarfin gwaji. Shi ya sa Edward Goldberg ya ba da shawara a 1975 a riƙa gwada naman kawa, tunda tana zaune wuri ɗaya tana tace ruwa tana tara abin da ke ciki. Amurka na gudanar da wannan shiri a gaɓoɓinta tun 1986. Labarin sinadarin TBT, wanda ake sa wa a fentin jirage don hana halittu mannewa, ya fi kowanne nuna amfanin kallon jikin halitta. A ƙarshen shekarun 1970 kiwon kawa ya durƙushe a Arcachon ta Faransa, ɓawonta ya nakasa, 'ya'ya suka daina rayuwa. A Ingila aka lura matan wata katantanwar teku suna fitar da gaɓar maza har su kasa haihuwa, a ruwan da sinadarin bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na giram a lita ba. Faransa ta hana shi a ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya ta 2001 da ta hana shi ta fara aiki a 2008, kuma da wannan katantanwa aka ci gaba da tabbatar da cewa hanin ya yi aiki.

Akwai ciwon da ba a zuba komai ba, ɗebewa aka yi. Mahaɗa tana rayuwa ne da ruwan daɗin da ke zuwa mata, da yawansa da lokacinsa. Bayan an datse Kogin Nilu a Aswan, kamun kifin sadin a gaɓar Masar ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin ƙarshen shekarun 1960, don ambaliyar da ke kawo abinci ta daina zuwa. Daga baya kamun kifi ya sake tashi a wannan gaɓa, kuma bincike ya danganta hakan da takin gonaki da najasar birane, abin da ke nuna cikar koma ba ita ce shaidar lafiya ba. A Kogin Casamance da Saloum na Senegal, farin shekarun 1970 da 1980 ya juya tsarin gaba ɗaya: rana na ƙafar da ruwa, kogi ba ya mayarwa, har can ciki ya ninka teku gishiri. A Kogin Senegal kuwa, madatsar Diama da aka kammala a 1986 don hana gishiri hawa ta mai da saman kogin ruwan daɗi tsayayye. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta yaɗu, babban jatan landen da ke cin ta ya rasa hanyar zuwa zartsi inda yake haihuwa, cutar ta ɓarke a Richard Toll cikin 'yan shekaru. Ƙasan madatsar kuma, a ɓangaren Muritaniya, fadamu suka bushe suka yi gishiri, sai da aka kafa gandun Diawling a 1991 aka koma sakin ruwa a kan lokaci kafin kifi da ciyayi da tsuntsaye suka dawo.

California ta samo wa wannan matsala ma'aunin da nake ganin ya cancanci koyi. Ana auna nisan kilomita daga gadar Golden Gate zuwa inda gishirin ƙasan ruwa yake giram 2, ana kiran wannan nisa X2. In ruwan kogi ya yi yawa layin ya matsa wajen teku, in an kwashe shi don noma da birane ya hau tudu, kuma an gano yawan wasu kifaye da jatan lande yana bin wannan motsi. Tun tsakiyar shekarun 1990 ya shiga doka, ya zama yana da ta cewa kan yawan ruwan da za a saki daga madatsu. Lamba ce guda wadda manomi da masunci da alƙali duk za su iya fahimta, kuma in ta motsa akwai wanda dole ya buɗe ko ya rufe wani abu. Haka a Kogin Thames, wanda aka ayyana matacce a 1957 kuma yau yake da ire-iren kifi sama da 100 bayan gyaran matatun najasa: tashoshin awo ne ke sanar da faɗuwar oksijin bayan ruwan sama ya cika magudanan Landan, sai a fito da jiragen da ke hura oksijin cikin kogin. Awon da ba a ɗaura shi da wani mataki ba, cika kundi kawai yake yi.

Sauran tambaya mai nauyi: da me za a kwatanta? Daniel Pauly ya yi gargaɗi a 1995 cewa kowane zamani yakan ɗauki abin da ya buɗe ido ya gani a matsayin asali, sai lalacewa ta yi ta tafiya ba mai jin ta. Roger Newell ya ƙiyasta a 1988 cewa kawar Chesapeake ta kafin 1870 tana iya tace ruwan mashigin duka cikin kwana uku zuwa shida, wadda ta rage a zamaninsa kuwa sai ta yi kusan shekara. Wanda ya ɗauki 1984 a matsayin mizani, ya fara ƙirga ne daga gadon asibiti. Don a leƙa baya, akan soka bututu a laka a zaro ta hawa-hawa; burbushin gwajin makaman nukiliya yana nuna layin 1963, ƙwayar furen tsirrai da ɓawon gansakuka kuma suna ba da labarin ƙarnoni. Irin wannan bincike ya nuna canjin Chesapeake ya faro tun lokacin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka sare dazuzzuka don noma. Amma sanin asali ba ya nufin za a iya komawa gare shi. Mahaɗar da ke da tashar jiragen ruwa da mutum miliyan goma a gefenta ba za ta koma ta shekara ɗari uku baya ba, kuma zaɓen inda za a tsaya hukunci ne na al'umma, wanda ya kamata a faɗe shi a fili kada a ɓoye shi cikin lissafi.

Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 ta yi ƙoƙarin haɗa duk wannan. Ta kasa ruwaye daraja biyar, daga mafi kyau zuwa mafi muni, bisa nisan kowanne daga halinsa na asali, tana duba gansakuka da ciyayi da halittun laka da kifi da sinadarai. Ƙa'idarta ita ce in ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Hikimar a bayyane take, kada a binne guba a ƙarƙashin matsakaicin maki. Illarta kuma ita ce mahaɗar da ta gyaru ta fuska huɗu tana nan da jan launi a taswira saboda ta biyar, sai masu biyan kuɗin gyara su karaya. An sa 2015 a matsayin wa'adin kai kowane ruwa daraja mai kyau, aka ɗaga har zuwa 2027. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya da ta dace da ƙasarta, inda mafi yawan mahaɗunta kusan 290 yashi ke toshe bakinsu wani ɓangare na shekara, abin da bayanin Pritchard bai hango ba. Dokar ruwanta ta 1998 ta ware wa kogi da mahaɗa kasonsu na ruwa tun kafin a raba wa sauran masu bukata.

Sababbin kayan aiki sun faɗaɗa ido. Hotunan taurarin ɗan'adam na Amurka, Landsat, sun faro daga 1972 kuma kyauta ne tun 2008. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana bambance fili mai faɗin mita 10 yana dawowa duk 'yan kwanaki. Da su ake bin raguwar dazukan mangurob, itatuwan nan masu tsayawa kan jijiyoyi cikin zartsi, da yaɗuwar laka da gansakuka. Amma tauraron ɗan'adam ba ya ganin oksijin, ba ya ganin ƙasan ruwa, gajimare kuma yakan rufe shi a daidai damina lokacin da aka fi bukatarsa. Ana kuma tace 'yan litocin ruwa a karanta burbushin DNA, wato sinadarin gado na jikin halitta, da kifaye suka bari, a san wa ya bi ta wurin ba tare da jefa taru ba. Sai dai igiya na iya kawo burbushin daga nesa, kuma ba ya faɗin ko kifin ƙosasshe ne ko mai ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne mahaɗun da suka fi ciyar da mutane kai tsaye su ne suka fi ƙarancin tarihin awo. A ƙasar Ogoni ta yankin Neja Delta an fara haƙo mai a 1958, amma cikakken bincike mai zaman kansa sai a 2011 ya fito, lokacin da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gwada samfuri sama da 4,000 ta ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Bincike ne mai daraja, amma hoton lokaci guda ne bayan rabin ƙarni. Inda babu awon jiya, ko an zo gyara sai gardama ta kaure kan yadda rafukan suke tun farko da ranar da za a ce sun warke. A irin waɗannan wurare masunta da mata masu tsintar kawa su ne kundin da ya rage, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sun san shekarar da wani kifi ya daina zuwa, da inda gishiri ke tsayawa da rani a zamanin iyayensu. Ya kamata a rubuta wannan sani da kwanan wata da sunan wuri, a ajiye shi kusa da lambobin na'ura.

Da za a ba ni zaɓi tsakanin babban bincike na shekara biyu da jirgi da ƙwararrun baƙi, da kuma tashoshi shida da za a riƙa ziyarta shekara talatin ba fashi, na biyun zan ɗauka. Abin da yake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar jami'a ko ƙungiyar masunta ba: kwalekwale, farin faifai da igiya mai alamar mita, na'urar gishiri da zafi da oksijin wadda ake gwada ingancinta kafin kowace fita, awo a sama da ƙasa, ɗibar laka sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina. Kowane layi a littafin ya ɗauki kwanan wata, da ƙarfe nawa, da ko teku na cikowa ne ko janyewa, da ruwan saman da aka yi a makon. A ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, a kuma buɗe shi ga duk mai son dubawa, har da mutanen da ke cin kifin wurin.